Ranar da na kai wa baƙin Indonesiya rogo

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai iya ɗauke ranar da muka yi baƙi daga Indonesiya a makarantar nan, baƙin da ba su shigo ta get ba, ba su kuma taka ƙasar Lafiya da ƙafarsu ba. Ku da kuka kama aiki daga baya kuna jin labarin guntu-guntu, kowa da irin ƙarin da yake yi masa. To tunda an ce duk mai barin aiki ya bar wa na baya labari ɗaya, ga nawa daga bakin mai ita. Ni ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta a bango zan wuce shi ban gaishe shi ba. Don haka ni ke faɗa, Malama Hauwa ke rubutawa, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini magana.

Sunana Kande, yara na ce mini Iya Kande. Ni Gwandara ce, 'yar manoma, gidana na Bukan Sidi. Na shigo makarantar 'yan matan nan a mai wanke tukwane, na koma tuƙa tuwo, daga baya na zama shugabar kicin. Ga wanda bai san aikin ba, shugabar kicin ita ke karɓar kayan abinci a hannun mai sito kowace safiya, ta raba wa masu girki aiki, ta ɗanɗana miya kafin a buga ƙararrawa. In babban baƙo ya zo, ita ke kai masa shayi da hannunta, ba a aiken ƙaramar ma'aikaciya. A samana akwai matiron mai kula da ɗakunan kwana, a samanta akwai bais, wato mataimakin shugaba, sai Hajiya Firinsifal can ƙoli.

A shekarar da aka sa wa ɗakin kwamfuta sola aka turo mana Malama Hauwa, malamar tarihi. Yarinya ce a lokacin, siririya, ga saurin tafiya kamar ana binta. Makullin ɗakin yana hannun bais ɗinmu, Mista Audu, mutumin Eggon, tsohon malamin lissafi. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya zalunci kowa ba, amma a wurinsa kwamfuta aikinta ɗaya ne: 'yan ajin ƙarshe su koyi danna amsa saboda jarrabawar shiga jami'a. Malama Hauwa ta yi ta sintiri tsakanin ofishinsa da na Hajiya har aka ba ta safiyar Laraba.

Daga nan hirar ɗakin cin abinci ta canza. Da ina jin gardamar wa ya sace wa wa sabulu, sai na koma jin dalar Fir'auna da ganuwar ƙasar Sin da tsofaffin littattafan Timbuktu. Akwai wurare a intanet, in ji yaran, da aka tara wa ɗalibai tarihin duniya da al'adun mutane, da taswira da hotuna da muryoyi. Wata rana na leƙa ɗakin kwamfutar na ga Zulai, shugabar ajinsu, tana yawo cikin wani gidan tarihi na Turai da ɗan yatsa ɗaya, tana juya ɗaki kamar mai juya waina. Na ce ikon Allah, na koma wurin tukunyata.

Ana cikin zango na biyu, zafi ya tsananta, mangwaro ya fara nuna, sai na lura Malama Hauwa tana mayar mini da abinci ba ta taɓa ba. Ni kuwa ba a yi mini haka. Na tare ta a bakin kicin.

"'Yata, miyar ce ba ta yi ba, ko ke ce ba ki yi ba?"

Ta yi dariyar yaƙe, ta zauna a kan turmi ta faɗa mini. A taron malamai Mista Audu ya ce Larabar nan kallon fim ne kawai, ga jarrabawa ta matso, a mayar da lokacin ga 'yan ajin ƙarshe. Ita kuma ta ce ta shirya da wata makaranta a Indonesiya, ta hanyar ɗaya daga wuraren nan na intanet da ke haɗa ɗaliban ƙasashe, yaranmu da nasu za su ga juna su yi magana. Hajiya Firinsifal ta yanke hukunci. Darakta daga ma'aikatar ilimi zai zo duba makaranta a Laraba mai zuwa, a yi a gabansa. In abin ya gamsar, Laraba ta zauna. In bai gamsar ba, tarihi ya koma allo da alli, ɗakin ya koma hannun Mista Audu gaba ɗaya.

Na ce, "To ki ci abinci. Mai yunwa ba ta gamsar da kowa."

Washegari na ɗaura zanena mai kyau na tafi ofishin Hajiya. Na durƙusa na gaishe ta.

"Ranki ya daɗe, na ji za mu yi baƙi ranar Laraba. Me za a dafa musu?"

"Iya, Darakta shayi kawai zai sha."

"Ba shi nake nufi ba. Na nesan."

Ta cire tabarau ta yi dariya har da dukan tebur. "Iya Kande, a jikin bango za su fito, ta majigi. Suna can ƙasarsu."

"Na sani, ranki ya daɗe. Ɗana na Fatakwal ma a waya nake ganinsa, ban taɓa cewa yana cikin wayar ba. Amma za su gan mu?"

"Za su gan mu."

"Za su ga ɗakinmu, su ji muryarmu, mu ji tasu?"

"Ƙwarai."

"To ai baƙi ne. A ba ni kaza biyu da shinkafa."

"Wa zai ci?"

"Wannan tsakanin baƙo ne da cikinsa. Namu ajiyewa."

Ba ta ba ni ko albasa ba. Ta ce don Allah ranar nan in kai shayi in koma kicina. Na ce to. Ku riƙe wannan, ƙananan ma'aikata: babba in ya yi magana ka ce to, sauran kuma ya danganta da abin da idonka ya gani.

Ranar Laraba na zo da rogo daga 'yar gonata ta bayan gida, don mu yi kalaci da matan kicin. Rogona kuwa duk wadda ta yi aiki da ni ta san shi, mai gari ne, tun a tukunya yake fashewa fari tas. Na dafa, na daka ƙuli da barkono da ɗan gishirin Keana, na rufe. Da hantsi aka ce Darakta ya shiga ɗakin kwamfuta, na ɗauki tiren shayi na bi shi.

Na ajiye masa, na ja gefen ƙofa na tsaya, don ni ma in ba idona abinci. Ga baƙin nan a bango manya-manya, yara maza da mata cikin fararen kaya, matan da hijabi, malaminsu a gefe. Mu hantsi ne, su wai la'asar ta gabato. Namu an jera su kamar masu fareti. Sun kwana biyu suna haddar jawabi da Turanci, kowace da takardarta. Zulai ta fara karantawa, muryarta na rawa. Ta gama, wani yaro a can ya miƙe ya karanta tasa, shi ma kansa a ƙasa. Ga netwok yana jan magana, in namu sun yi shiru su ma su yi shiru, in namu sun fara su ma su fara, sai kowa ya ba da haƙuri a sake yin shiru. Ban ji Turancin ba, amma na san zaman makoki in na gan shi.

Na dubi manya. Darakta ya yi hamma ya ciro wayarsa. Mista Audu ya harɗe hannu yana kallon silin. Hajiya ta ƙura wa Malama Hauwa ido, ita kuwa gumi ya jiƙa mata mayafi. A raina na ce yarinyar nan Larabarta ta tafi.

Amma ba ma wannan ya ɗaga ni ba. Darakta ya ɗauki kofi ya kurɓa, ya gutsiri biredi, a gaban idon yaran mutane, ba wanda ya ce musu bismillah. Kuma ni na kawo shayin! Tun da aka fara ba wanda ya tambaye su yadda suka kwana, ba wanda ya tambayi iyayensu, ko ruwa ba a nuna musu ba. A gidan ubana ko mai tallan manja ya tsaya a ƙofa sai an ba shi ruwa kafin a tambaye shi nawa ne kwalba. Na ce yau in yaran nan suka koma gida suka ce mutanen Lafiya na ci a gaban baƙo ba tayi, da wane ido zan kalli kaina?

Na koma kicin da sauri. Na zuba rogon a farantin da nake ɓoye wa manyan baƙi, na barbaɗa ƙuli, na cika sabon kofi da ruwan randa, na gyara ɗaurin ɗankwali. Matan kicin na cewa "Iya, ina zuwa?" ban kula su ba.

Mista Audu ya tare ni a ƙofa, yana magana ƙasa-ƙasa. "Mama, abeg! Ba yanzu ba. Ka koma kicin, Darakta yana nan."

"Ɗana, na ga Darakta, ni na ba shi shayi. Matsa, farantin da zafi."

Ya matsa, don da gaske da zafi. Na ratsa tsakiyar yara na ce, "Zulai, ina idon abin?" Ta nuna mini wani ɗan baƙin abu a kan tebur, bakinta a buɗe. Na ajiye faranti da kofi a gabansa, na dube shi sosai, na ɗaga murya.

"Salamu alaikum!"

Sai bangon nan gaba ɗaya ya amsa, "Wa alaikumus salam!" da murya ɗaya, har da warahmatullahi. Mutane a ƙarshen duniya, ga amsar sallama kamar a Bukan Sidi.

Na ce, "Zulai, faɗa musu sannunsu da zuwa. Ya gida, ya iyayensu?"

Zulai ta dubi malamarta. Malama Hauwa, ina jin ta riga ta sallama komai, ta gyaɗa kai kawai. Yarinya ta ajiye takarda ta fassara. Ku ji ikon Allah, muryar da ke rawa ɗazu sai ga ta garau, don yanzu ba hadda take yi ba, aikena take isarwa.

"Tambaye su ya zafi. Ruwa ya sauka a wajensu? Sun ci abincin rana? Ce musu ga ruwa, ga ɗan abin taɓawa, su yi haƙuri ba yawa, an hana ni kaza."

Hajiya ta rufe fuska da tafin hannu. Zulai kuwa ta fassara har da maganar kazar. Dariya ta ɓarke a can, ta ɓarke a nan. Wani yaro mai kumatu ya matso har fuskarsa ta cika bango, ya tambayi mene ne a farantin. Na ɗauki guda na ɓare shi a gaban idon abin.

Sai ihu! Suna nunawa suna kiran wani suna da yarensu. Wata yarinya ta fita da gudu. Kafin mu gane abin da ke faruwa ta dawo tana jan wata dattijuwa, gajeruwa, da tsumman goge hannu a kafaɗa. Ban bukaci tafinta ba, ina ganin tsumman na san 'yar'uwata ce a sana'a. Ita ke dafa wa makarantarsu abinci, Ibu suke ce mata, wai mama ke nan. A hannunta faranti, a farantin kuwa rogo ne, soyayye, ya yi ja.

Na dafa ƙirji. "Zulai, tambaye ta, wa ya kai musu rogonmu?"

Amsa ta dawo. Wai Ibu ta ce ita ma abin da take son tambaya ke nan, wa ya kawo mana nasu, don kakar kakarta da shi ta girma.

"Kakar kakarta? Ce mata mu tun kafin a haifi kakanni muke nomansa. Ta zo ta ga kunya-kunya daga nan har Doma."

Ibu ta riƙe ƙugu, ni ma na riƙe nawa. Yara na ta fassara suna faɗuwa don dariya, layin fareti ya watse. Sai na ji muryar namiji a bayana. Darakta ne, ya ajiye waya.

"Malama, ni ma da kuɗin rogo ubana ya sa ni makaranta. Tsakanin iyayen nan biyu wa ke da gaskiya?"

A nan ne na san Malama Hauwa malama ce. Ta san amsar, daga baya ta faɗa mini. Amma ta goge gumi ta ce, "Yallaɓai, bari yaran su nemo." Ta gaya wa malamin can, shi ma ya saki nasa. Yaranmu suka ruga kan kwamfutoci, uku-uku huɗu-huɗu, suka buɗe wurin nan mai taswirar da ke nuna yadda abinci ya yi yawo a duniya. Ba a jima ba wata ta yi ƙara, aka haska taswirar a gefen bango. Ga wani jan layi ya taso daga wata ƙasa can hagu, ya tsallaka teku, reshe ɗaya ya sauka a gaɓar Afirka, wani ya zarce gabas.

Zulai ta ce, "Iya, daga Kudancin Amurka yake. Turawan Fotugal ne suka kawo mana shi a jirgin ruwa. Su ma jiragen Turawa ne suka kai musu. Ba namu ba ne, ba nasu ba ne."

Na ce ƙarya ne. Ibu ma a can tana girgiza kai tana faɗa da yaranta. Sai ga mu mun koma gefe ɗaya ni da ita.

Yaran nan ba su da tausayi. Wata ta ce, "Iya, har gyaɗar ƙulinki daga can take." Wata ta ce, "Da barkono!" Wata, "Da masara, da tumatir!"

"Kai, ku rufe mini baki! Kwamfutar nan son kai gare ta. To kakanninmu iska suke ci?"

Suka sake duƙufa. Dawa tamu ce, gero namu, doyarmu tamu, wake da kuɓewa namu. Na ɗan sami numfashi. Sai Zulai, ba wanda ya sa ta, ta juya ta tambayi yaran can da wane mai aka soya rogon Ibu. Suka ce man kwakwa, irin wadda ake manja da ita, gonakinta sun cika ƙasarsu. Ta danna, ta danna, sai ta yi tsalle.

"Iya! Kwakwar manja daga Afirka ta Yamma aka kai musu ita! Daga wajenmu!"

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, a gaban Darakta da Hajiya da kowa. Na ce a faɗa wa Ibu ta ci gaba da suya, mun yafe, ba ma bin ta komai. Da aka fassara mata ta yi dariya har tana share hawaye da tsummanta, ta haɗa tafin hannu ta rusuna mini. Na ce to tunda hannu ba ya kaiwa, kowa ya ci nasa a madadin ɗan'uwansa. Ta ɗauki nata, na ɗauki nawa, muka yi bismillah tare. Farantina ya zaga ɗaki, Darakta ya ɗauki biyu. Yara kuwa tambayoyi suka ɓalle, na aure, na salla, na kifi, na yadda ake zama a tsibiri ruwa ya kewaye ka. Har aka buga ƙararrawa ba wadda ta motsa, sai da malaminsu ya ce lokacin sallarsu ya yi.

Bayan azahar masinja ya zo ya ce Hajiya na kirana. A ƙa'idar aiki, ma'aikacin da ya shiga aji ana darasi ba izini, takardar gargaɗi ake ba shi, a sa a fayil ɗinsa. Na wanke hannu na tafi da kaina a sama. Na tarar da su duka, Malama Hauwa a tsaye a gefe.

Hajiya ta haɗe rai. "Iya Kande, me na ce miki?"

"Kin ce in kai shayi in koma, ranki ya daɗe. Na koma. Ba ki ce kada in sake dawowa ba."

Darakta ya ƙware da dariya. Ya ce shi ba zai sa baki a sha'anin gargaɗi ba, amma abin da zai rubuta shi ne ya ga yara sun yi tambaya sun nemo amsa da hannunsu, kuma ya daɗe bai ga haka ba. Hajiya ta juya ga Mista Audu. Ya sosa kai ya ce shi tsoronsa jarrabawa ne, kuma har yanzu yana tsoronta, amma yaran da suka iya bin rogo har Amurka za su iya danna amsa. A ba shi yammacin Asabar, ya bar wa Malama Larabarta. Hajiya ta ce an gama. Ni kuma ta yi mini gargaɗin baki, tana yi tana cije leɓe.

Da yamma Malama Hauwa ta zo kicin, ta zauna a kan turmin nan, ta cinye tuwo malmala biyu. Da ta gama ta ce, "Iya, saura kaɗan zuciyata ta tsaya." Na ce ai ba ta tsaya ba, miƙo kwanon.

Abin da ranar nan ta koya mini, ku matan kicin da masu shara da masu gadi, shi ne kada wanda ya ce muku aikinku a bayan makaranta yake. Malamai suna da ilimi, na gani da idona, yarinyar nan ta san hanyar da rogo ya bi shekaru aru-aru kafin a haife ta. Amma in manya suka zo duba su, tsoro kan sa su manta abin da uwarsu ta koya musu tun suna rarrafe. A nan ake bukatarmu. Ni kuma na koyi cewa abin da na rantse a kansa tun ina yarinya, 'yar shekara goma sha biyar za ta iya kwance mini shi da ɗan yatsa, kuma ban mutu ba. Yanzu duk Larabar da za a haɗa yaranmu da wata ƙasa sai an sanar da kicin tun ranar Litinin. Wadda za ta gaje ni ta riƙe wannan da kyau, kada ta bari a daina.

Maganar rogo kuwa, na bar wa Malama Hauwa taswirarta, ba na gardama da abin da ban iya karantawa ba. Na yarda can aka haifi rogo, can aka haifi gyaɗa. Amma na sa an tambayo mini, mutanen can ba su san ƙuli ba. Su suka haifa, mu muka ɗaura musu aure. Malama, rubuta haka, kada ki rage ko harafi.